Harafin da Aka Manta

Sun rubuta sunanka ba daidai ba, Moeketsi.
A jikin dutsen, layi na huɗu daga ƙasa,
tsakanin wata Nokuthula da wani Sello,
mai sassaƙa ya haɗiye harafi guda.
Moketsi, in ji shi. Wani yaro ne daban,
ba wanda Mama ta yi naƙudarsa kwana biyu ba.

Sau uku na je ofishin gunduma.
Na farko aka ce in cike takarda.
Na biyu takardar ta yi ƙafa.
Na uku wata yarinya mai dogon farce
ta ce, Kaka, dutse ai ba allo ba ne.
Na ce, to, ni zan mai da shi allo.

Duk watan Yuni nakan zo da alli a aljihun kwat,
da duku-duku, kafin motocin manya,
hayaƙin kwal na kwance bisa rufin Soweto,
sanyi na cizon gaɓoɓi.
In durƙusa, gwiwar hagu na ƙara,
in cusa ɗan ƙaramin e tsakanin o da k.
Wurin a matse yake
kamar gadon da muke kwana mu huɗu,
amma yana shiga. Kai ma haka kake shiga.

Kai ɗin ma ba gwanin rubutu ba ne.
Ran nan ka yage kwalin sabulun Mama,
ka ɗauki jan bakin Puleng ba da saninta ba,
ka rubuta cewa ba kwa son harshen da aka ɗora muku,
ka zubar da haruffa biyu a hanya.
Na yi dariya har na ƙware da shayi.
Ka ce, bari in dawo ki gyara mini.
Ka fita da burodi a baki,
igiyar takalmi na jan ƙasa.

Da hantsi muka jiyo waƙa daga nesa.
Sai haushin karnuka.
Sai wata ƙara kamar ana dukan kwanon rufi da guduma.
Daga nan ba waƙa.

Kwana tara muna nemanka.
A mutuware lamba suka ɗaura maka a babban yatsa.
Ita dai sun rubuta ta daidai.

Yanzu sukan zo da furanni cikin leda
da lasifika mai shaƙewa.
Su ce jarumai, su ce 'ya'yan ƙasa,
su yi shiru na minti ɗaya suna satar kallon agogo.
Ban ƙi ba. Amma jarumin nan tsoron kyankyaso yake,
kuma ina binsa santi goma har yau.
Shekararka sha biyar.
Jikana ya girme ka, ya fara gemu.

Ruwan sama kan wanke allin kafin Kirsimeti.
Mai gadin wurin, Ntate Lebusa,
da can yakan yi mini faɗa kan ɓata kayan gwamnati.
Yanzu idan yana wanke dutsen
sai ya kewaye layinka da tsumma.

Bana gwiwar ta ƙi.
Na tsaya da alli a hannu kamar mai jiran bas.
Wata 'yar makaranta mai giɓi a baki,
siket ɗinta irin na zamaninmu, safa ɗaya ta zame,
ta ce, Kaka, a ina?
Na nuna mata da sanda.
Ta tsuguna, ta ciji harshe, ta rubuta.
Ya fito a karkace, ya juya baya,
irin rubutunka sak.

Ta ce, daidai ne?
Na ce, bar shi haka.